Kwana Uku a Paris

Kun ji ni shiru sati biyu, har wasu sun biyo ni ta bayan fage suna tambaya ko hidimar biki ce ta ɓoye ni. Ba biki ba ne. Rasa ta inda zan fara na yi, don wannan karon ba ƙarar kowa na kawo muku ba, ƙarar kaina na kawo. Ga wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, sunana Rahma, nas ce ni, shekarata ashirin da bakwai, ina zaune da Mamana a hawa na bakwai a unguwar Parkchester da ke New York. Ina 'yar shekara tara aka kawo ni garin nan daga Kano, fasfo ɗina na nan ƙasar ne, shuɗi. Ku riƙe maganar fasfon nan, don a kanta komai ya rushe.

Wanda zan aura sunansa Mainasara, mutumin Maraɗi, yana da ɗan shagon turare da shadda da man kaɗanya a wani lungu daf da 125th Street. Turaren wuta Mama ta aike ni saye ranar da na fara ganinsa. Na shiga da kayan aiki a jikina, ya ɗago ya ce, "Likita, mi za a ba ki?" Na ce ni ba likita ba ce. Ya ce a shagonsa shi yake ba da muƙami. Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma nake ce masa Mai Shago. Shekara ɗaya da rabi muna tare, manya suka shiga maganar, aka sa rana Asabar ta farko a watan Yuni.

Akwai abu guda da ba a tambaya a tsakaninmu a garin nan. Za ka iya tambayar mutum shekarunsa, ka tambayi asalinsa, ka tambayi me ya raba shi da matarsa ta fari, duk zai amsa yana dariya. Amma ba ka tambayar takardarsa. Ku yi sallah sahu ɗaya shekara goma, ku ci kwano ɗaya, ba ka san ko da izini yake zaune ba, kuma in ka tambaya ka zama abin gudu. Da haka aka raine ni, don haka ban taɓa tambayar Mainasara ba. In faɗa muku gaskiya, ina tsoron amsar ma.

Wata Lahadi Anti Balki, ƙanwar Mama, ta taso daga unguwar Flatbush da kwanon dambun nama da samfurin leshin anko kala huɗu. Muka baza su a kan kafet ɗin falo, Mama na son ruwan zuma, ni ina son ruwan toka mai ɗigon azurfa. Anti ta cire mayafinta ta naɗe a cinya, ta dube ni ta saman tabarau.

"Rahma, wai yaron nan naki, yaya zamansa?"

"Lafiya lau, Anti. Ba ruwansa da kowa, daga shago sai masallaci."

"Kin san abin da nake nufi."

Mama ta sunkuyar da kai tana shafa leshi kamar ta ga zare ya zare. Na san sun gama maganar a waya kafin ta zo. Kuma kada ku ɗauki Anti Balki muguwa. 'Yarta Hafsa ta auri wani mai ladabi kamar ya kwanta a taka shi, wata huɗu da fitowar girin kad ɗinsa, wato katin zama ƙasa, ya haɗa jakarsa ya bar ta da goyo. Har yau in Anti ta ga namiji ya durƙusa yana gaishe ta, aljihunsa take kallo.

"Ba cewa na yi ki tambaye shi ba," in ji ta. "Wa yake tambaya? Ce masa za ki yi amarci kike so a Turai. Weekend kawai, Juma'a zuwa Litinin. Mai takarda zai ce miki wane gari. Marar takarda zai ce ai nan cikin ƙasa Miami ma akwai teku."

"Ni ba zan ɗana masa tarko ba, Anti."

"To kar ki ɗana. Ki bari shi ya ɗana miki."

Na tashi na shige ɗaki na turo ƙofa, wai ni na yi fushi. Minti goma ba a yi ba na tsinci kaina ina rubuta Paris a waya. Na gaya wa kaina ai dama tun ina makaranta nake son ganin garin, kuma asibiti kwana uku kacal za su ƙara mini bayan hutun biki, to me ya fi wannan dacewa? Duk gaskiya ne. Amma ba don Anti ta faɗa ba, da ban buɗe wayar ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku sani a kaina.

Ranar Talata da na tashi aiki na sauka a shagonsa. Na sa doguwar riga baƙa a kan kayan aiki, na yafa ɗan mayafi ruwan hoda da ya taɓa cewa yana yi mini kyau. Na same shi yana ɗura turare a ƙananan kwalabe da sirinji, yana lissafa ɗigo a hankali. Na zauna a kujerar roba da ya ce tawa ce, ina satar kallonsa kamar ni ce marar gaskiya.

"Mai Shago, na zaɓi inda za mu je bayan biki."

"Ina ne, ranki ya daɗe?"

"Paris. Kwana uku."

Hannunsa ya tsaya. Ɗigo ɗaya ya zuba a kan gilashin kanta, ya sa yatsa ya shafe, ya shafa a bayan hannunsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallo mai ɗan tsawo, ya yi murmushi.

"Bon. In Likita ta ce Paris, Paris ne."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Tun a cikin jirgin ƙasa mai lamba shida na tura wa Anti saƙo: "Bai ce Miami ba." Ta amso kafin mu kai tasha ta gaba: "Madalla. Ki karɓi fasfo ki yanki tikiti."

Sati biyun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk zamanmu, shi ya sa tuna su ya fi komai ciwo. Mainasara ya yago takardar da yake naɗe turare da ita, ruwan ƙasa, ya shimfiɗa a kanta, ya ja layi uku da biro. Kullum in na zo sai mu ƙara abu. Ashe ya san Paris kamar mai gadinta, alhali bai taɓa taka ta ba. Yayarsa Firdaoussi, wadda ta goya shi, can take aure, kuma duk Lahadi takan kira shi ta bidiyo ta zaga da shi titi-titi.

Juma'a da yamma mu tashi, in ji takardar, Asabar da safe mu sauka. Mu ajiye jaka a otal, kada mu kwanta, in muka kwanta barci zai cinye mana yini. Mu wuce hasumiyar Eiffel kafin layi ya yi tsawo. Ya ce ba za mu shiga lifta ba, da ƙafa za mu hau har hawa na biyu, ya ga ko nas ɗin da ke yi wa mutane wa'azin motsa jiki za ta kai. Azahar a babban masallacin garin, sannan shayi mai na'ana'a a farfajiyarsa, inda ya ce tsuntsaye na sauka a kan tebur su ci burbushin alkaki ba kunya. Da la'asar jirgin ruwa a kogin Seine. Lahadi da safe gidan tarihi na Louvre, amma ya rubuta da manyan baƙi, awa biyu kacal, don ya ce wanda ya nace sai ya ga komai da kumburarriyar ƙafa yake fita. Daga nan kasuwar Château Rouge, wai in ga yadda 'yan uwansa na can suke sayar da shadda, in dawo in yaba masa arha.

Ya koya mini yadda zan nemi ruwa da Faransanci, ina faɗa yana riƙe ciki don dariya. Ni kuma na sayi rigar ruwa ruwan toka, da takalmi marar tsini, na ware mayafi uku, kowace rana da nata. Har hoto na ɗauka na tura masa.

"Wanne zan sa a Eiffel?"

"Ruwan hoda. Hasumiyar ta ji kunya."

Wuri ɗaya ya bari fari a takardar, Lahadi da rana. Na tambaye shi me za mu yi a nan, ya ce, "Wannan na Allah ne." Na ce a raina, na gane, gidan yayarsa yake so mu je, kunya ce ta hana shi cewa in ba danginsa rabin yini daga cikin amarcina.

Fasfo ne dai bai zo ba. Na tambaya ranar Alhamis, ya ce yana gida. Ranar Asabar na tura saƙo.

"Mai Shago, hoton shafin farko kawai nake so."

"Gobe, in sha Allah."

"Jiya ma gobe ka ce."

Ya turo hoton fuska mai dariya, bai ƙara komai ba. Ranar Litinin ya ce sai an sabunta shi tukuna. Anti Balki kuwa kullum da safe saƙonta ke riga ƙararrawar wayata tashi: "Ya kawo?" Ranar da na ce mata sabuntawa za a yi, kalma biyu ta rubuto: "Kin gani."

Na ƙudura sai na nuna mata ta yi kuskure, kuma a lokaci guda in yi masa abin da zai faranta masa. Ina da lambar Firdaoussi, mun sha gaisawa in ya miƙo mini waya. Ranar Laraba da hutun cin abincin rana na fita bencin da ke bayan asibiti, da robar shinkafata a cinya, na kira ta.

"Amaryarmu," ta ce. "Lahiya kinka kira da kanki?"

"Lafiya lau, Yaya. Wata shawara ce, amma kada ki gaya masa. Bayan biki da sati ɗaya za mu shigo Paris, ni da shi. Ina so ranar Lahadi mu ci abincin rana a gidanki, ya buɗe ƙofa kawai ya gan ki."

Na duba wayar ko ta katse.

"Paris? Mainasara zai taho Paris?"

"E, Yaya."

"An ba shi papier ke nan? Takardar ta hito?"

Kafin in buɗe baki ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. Sai kuka. Tana kuka tana magana, Hausa da Faransanci a cakuɗe. Shekara goma sha ɗaya, in ji ta. Shekara goma sha ɗaya ƙaninta na cikin ƙasar nan kamar tsuntsu a keji, in ya fita ba shi da hanyar komawa. Babansu ya rasu, a waya ya ji ana sallar gawa. Kullum addu'ar Inna ke nan, Allah ya ba autanta takarda ta gan shi kafin ta bi malam.

Shinkafar ta zame daga cinyata ta kife a ƙasa, ban ko duba ba. Amsar da nake gudu shekara ɗaya da rabi ta zo ta same ni a benci, daga bakin matar da ke sa mini albarka.

"Rahma, ki ce mani gaskiya ne. Ta hito ko?"

Ga inda na yi abin da ba zan yafe wa kaina ba. Kalma ɗaya ce, a'a. Ko in ce, Yaya, tsaya, ban sani ba. Amma kunya ta rufe ni, yaya zan ce wa yayar miji ban san halin da ƙaninta ke ciki ba, wata ɗaya kafin aure? Sai na ji kaina na ce, "In sha Allah, Yaya."

"Dieu merci, Allah na gode. Bari in kira Inna."

Ta kashe. Lambarta na nan a gabana, yatsa ɗaya zan ɗora in ce mata ta dakata. Ban ɗora ba. Raina ya ɓaci, ina ta maimaita wa kaina, sati biyu yana zana mini Eiffel a takardar turare alhali ya san ko filin jirgi ba zai dosa ba. Na ce shi ya ƙulla, shi zai kwance. Na share hawayena na koma ɗakin marasa lafiya na ci gaba da auna jini.

Ranar bai kira ba, ni ma ban kira ba. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo, babu Likita, babu fuska mai dariya: "In kin tashi ki biyo shago."

Na same shi ya sauke ƙofar ƙarfen shagon rabi, abin da ba ya yi sai lokacin sallar Juma'a. Sai da na sunkuya na shiga. Yana tsaye bayan kanta da farar shadda da ba a goge ba, idonsa ya yi ja. Bai ce in zauna ba. Ya ajiye wayarsa a kan gilashi ya danna wani saƙon murya.

Muryar tsohuwa ce, siririya, tana rawa, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Autana, ɗan albarka. Firdaoussi ta hwaɗa mani. Allah na gode maka. Na sa an dama hura an raba sadaka, maƙwabta sun cika gidan tun da sahe suna barka. Na sa an share ɗakin babanka an shimhiɗa sabuwar tabarma. Sun ce Paris kusa take da gida, ba kamar Amurka ba. In kun taho, ka ƙaraso da amaryar ko kwana guda ne, in shahwa kanka. Idon ya yi rauni, amma hannu na gani."

Saƙon ya ƙare. A waje wani na ta tallan hula da tabarau da Turanci. Mainasara ya jawo aljihun kanta ya fito da koren fasfo da gefensa ya tanƙware, ya ajiye kusa da wayar.

"Ga shi. Kin daɗe kina nema."

Na buɗe. Hoton wani yaro siriri marar gemu, da bizar wata shida da ta mutu tun ina aji uku a sakandare. Na rufe na tura masa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Mi ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Ka san ba a tambaya."

"Ba a tambayar maƙwabci, Rahma. Ni mijin da za ki aura ne." Sunana ya kira, rabon da in ji shi a bakinsa har na manta. "Kina tsammani ban san tahiyar Turai ba? Duk mazan titin nan sun san ta. Wanda za shi auri ɗiyar masu takarda, abokai na ce mashi, shirya, za a kai ka Paris. Ranar da kinka hwaɗa, na san daga inda maganar ta hito."

"Ka sani, ka zauna kana zana mini taswira? Ka bar ni ina sayen takalmi?"

"Na ce ko kwana guda za ki dube ni ki ce, Mainasara, gaya mani gaskiya. Kullum kin shigo ina jira. Wurin da na bari hwari a takardar, na ce ranar da kinka tambaya da gaske, nan za ni hwaɗa maki komi. Kinka tambaya sau guda kina dariya, kinka wuce."

"Kada ka juya laifin kaina," na ce. "Shekara ɗaya da rabi. Ka zo gidanmu ka durƙusa gaban Mama. Aka sa rana. Yaushe za ka faɗa, bayan an shafa fatiha?"

Ya sunkuyar da kai. "Wannan laihina ne, ban musa ba. Sau nawa na shirya maganar, in na gan ki sai ta maƙale. Lauya ya ce mani tun shekara bakwai, ka auri 'yar ƙasa ka huta. An kawo mani mata biyu, na ce ban iya auren da ba aure ba. Da na same ki, sai na ji tsoron ranar da za ki sani, ki koma baya ki riƙa duba duk abin da na taɓa yi maki, kina cewa don takarda ne."

Na so in ce ba zan taɓa tunanin haka ba. Amma daren jiya kaf abin da na yi ke nan, har turaren da ya ba Mama kyauta sai da na auna. Kuma ya gani a fuskata.

"Ka kira Inna?" na tambaya.

"Sau uku na ɗauki waya. Ta raba sadaka, Rahma. Ta share ɗakin Baba. In ce mata mi?"

A nan na yi saurin kawo abin da na ɗauka magani ne. Na matso na dafa kanta. "To ai ba a rasa hanya ba. Saura wata ɗaya. In an ɗaura auren zan cike maka takardu, shekara ɗaya ko biyu ta fito, mu je Maraɗin tare. Ka ce wa Inna ta ƙara haƙuri kaɗan."

Ya dube ni, ya yi wani murmushi da na gwammace ya zage ni a kansa.

"Kin ji ko? Yanzu da bakinki kin hwaɗa. Daga yau, in na miƙo maki ruwa, Anti Balki za ta ce takarda yake jira. Ranar da munka yi hwaɗa na ba ki haƙuri, ke da kanki za ki ce takarda yake jira. Ni ma sai in riƙa tambayar kaina." Ya mai da fasfon aljihun kanta. "Kuma Inna shekararta saba'in da takwas. Na ce wa Baba ya ƙara haƙuri kaɗan."

Ya ɗauko takardar Paris daga ƙarƙashin kwalabe, ya ninke ta huɗu, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, ya sa mini a bakin jaka. Sannan ya ɗaga ƙofar ƙarfen sama don kada in sunkuya wajen fita. Ko a wannan hali sai da ya tuna da wannan.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da Mama a falo, leshin anko ya iso, ruwan tokan da na zaɓa, an jibge shi a kan kujera cikin leda. Ta dubi fuskata sau ɗaya ta kashe talabijin. Na zube a gabanta na sa kaina a cinyarta na gaya mata komai, har da in sha Allah ɗin da na ce wa Firdaoussi. Na zaci za ta ce Allah ya raba mu da wahala. Sai ta daɗe tana shafa kaina.

"Yaron nan ya zauna a kafet ɗin nan ya fi sau ashirin," ta ce. "Da na tambaye shi da bakina, da ya faɗa mini. Mu manya mu muka koya miki kewaye-kewaye."

Anti Balki ta kira har sau huɗu, Mama ta kife wayar.

Kwana biyar ban ji daga gare shi ba. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina yi wa Mama allurar sukarinta da safe kamar kullum. Takardar na cikin jakata, duk jakar ta kama ƙamshin shagonsa. In na buɗe neman katin jirgi sai ƙamshin ya taso, in tsaya a bakin tasha mutane na ture ni. Ina sonsa, masu karatu. Ina jin haushinsa kuma ina sonsa, ban san yadda ake ajiye ɗaya a ɗauki ɗaya ba.

Shekaranjiya da la'asar ina ninke mayafan nan uku zan mai da su durowa, waya ta yi ƙara. Hoto ne ya turo, tikitin jirgi, New York zuwa Yamai, tafiya babu dawowa. Ko ta Paris ɗin ma ba zai bi ba, ta Kasabalanka zai bi. Ranar tashi kuwa ita ce Juma'ar bayan biki, wadda na ɗauki hutu dominta. Shi da ni duk mun san dokar: wanda ya zarce bizarsa haka, in ya sa ƙafa ya fita, shekara goma ƙofar ke rufe a bayansa.

Ƙarƙashin hoton ya rubuta:

"Likita. Na kira Inna na ce mata ina tahe, ban yi mata ƙarya ba. Shagon na bar wa abokina. Ranar da anka sa tana nan, ban janye ba, sai in ke kin janye. Ni ban iya gwaji, tambayarki nike kai tsaye, kamar yadda ya kamata mu yi tun hwarko. Ba ni da takarda, ba ni da Paris. Ina da ɗaki guda a Maraɗi da tsohuwa mai jira. Za ki zo?"

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune. Daga kicin ina jin Mama tana kiran sunana, wai in zo in duba mata lambar da na'urar sukari ta nuna, don ba ta ganin ƙananan rubutu. Ni kaɗai gare ta a ƙasar nan, kuma kabarin Abbana na New Jersey, ta sha faɗa cewa ba za ta yi nisa da shi ba.

Na ce, "Ina zuwa, Mama."

Na je na duba mata, na dawo na ɗauki wayar. Na buɗe takardar turaren na shimfiɗa a kan gado, wurin Lahadi da rana na nan fari yadda ya bar shi. Tambayar da na kasa yi masa shekara ɗaya da rabi, shi ya yi mini tasa a layi ɗaya. Yau kwana biyu ke nan, ya ga alamar na karanta, kuma bai ƙara turo ko kalma ɗaya ba. Jira yake, kamar yadda ya jira ni a shago.